Tsohon Zane a Sabon Bango: Sharhi Kan Yadda Ɗalibai Ke Baje Kayan Taskar Tarihi

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta kafu a makarantun da ke koyar da zane-zane a ƙasar nan, musamman a sassan da ke horar da masu tsara bangon littafi da fosta da tambarin hukuma da allon talla, wato abin da za mu kira fasahar tsara zane a cikin wannan maƙala. Al'adar ita ce malami ya tura ɗalibansa gidan adana takardun tarihi ko gidan ajiye kayan gargajiya, ko kuma ya tura su intanet kamar yadda aka fi yi yanzu, su nemo wani tsohon zane, su sake masa fasali, sa'annan a ƙarshen shekara a baje aikin ga jama'a. Wannan abu ne mai kyau, kuma ba na cikin masu cewa kada a taɓa kayan kakanni, domin abin da aka kulle cikin akwati gara ce ke gadonsa. Ƙorafina guda ɗaya ne. Sau da yawa zanen yakan iso bangon baje koli tsirara, babu sunan wanda ya yi shi, babu garin da ya fito, babu bayanin aikin da yake yi wa masu shi. Na rubuta wannan sharhi ne domin malaman makaranta da ke kai yara kallon irin wannan baje koli, da kuma dattawanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum waɗanda ake gayyata su zauna a kujerun gaba, su tafa, su koma gida ba a tambaye su komai ba.

Abin da aka faro a Zariya

Tushen wannan al'ada a Nijeriya yana Zariya. A shekarar 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Kokensu shi ne malamansu Turawa suna koyar da su zane kamar a Ingila suke zaune, alhali kowanensu ya baro zane a gidan ubansa. Manufarsu ita ce a ɗauki dabarun da aka koya a makaranta a haɗa su da na gida, ta yadda haɗin zai zauna da gindinsa. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba, don ta watse a 1961, amma ra'ayin ya bazu har ya zama abin da kusan kowane sashen zane ke koyarwa.

Akwai abin da masu bin sawunsu suka manta. Uche Okeke ya yi suna ne da zanen uli, wanda matan ƙasar Ibo ke yi a jiki da jikin bango. Bai tsinci uli a hoto ba. Mahaifiyarsa ta iya shi, a wurinta ya nemi sani, kuma da ya koma koyarwa a jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, ya sa ɗalibai shiga ƙauyuka su ga matan da ke yin zanen da idonsu. Ke nan sabon fasalin da ya fitar ya biyo bayan tambaya ne da zama da masu abin. Ɗalibinmu na yau yakan ɗauki rabin darasin, wato 'yancin sauya zane, ya bar ɗaya rabin, wato wahalar sanin abin da yake sauyawa.

Baje kolin London na 1976

Ta ɓangaren kayan Hausa, babban misalin da muke da shi na fitar da zane daga ma'ajiya zuwa gaban jama'a shi ne aikin David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar da tarihin zane a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne ya shirya baje kolin fasahohin Hausawa da aka yi a Cibiyar Ƙasashe Renon Ingila da ke London a 1976, cikin babban bikin nuna al'adun duniyar Musulmi na wannan shekarar. Ya kuma rubuta kundin digirinsa na uku kan ɗinkin ado na tufafin Hausawa, wanda ya kammala a 1979.

Abin da ya sa nake ganin ya kamata kowane malamin zane ya san aikin wannan mutum shi ne inda ya sa ido. Wasu sun tsaya kan rigar da aka gama. Shi kuwa ya bi sawun zanen tun kafin allura ta taɓa yadi, har ya rubuta maƙala a mujallar Savanna a 1972 kan wasu takardun zanen ɗinki da ya samu a Kano. Wannan ya fito da abin da kowane tsohon maɗinki ya sani, amma littattafan makaranta suka yi shiru a kai, wato babbar riga aikin hannu da yawa ce. Masaƙi ya saƙa ƙyallaye, maɗinki ya harhaɗa su, mai zane ya zo da alƙalami da tawada ya shata fasalin a jikin yadi, sa'annan mai ɗinkin ado ya bi shatar da zare, wani lokaci har tsawon watanni, daga ƙarshe masu bugu su buge ta ta yi ƙyalli. Shi wannan mai shata fasalin, wanda galibi almajiri ne ko malami da hannunsa ya saba da allo, shi ne kakan mai tsara zane na yau. Sana'ar da ake koyarwa da kwamfuta a Zariya tana da magabata a zaurukan Kano da Katsina da Bida, kuma ɗalibin da bai san haka ba zai ɗauka shi ne ya fara kawo tsari cikin abin da ya samu a warwatse.

Duk da haka, baje kolin 1976 mutanen London aka shirya wa, littafin da ya raka shi kuma da Turanci aka rubuta. Ba laifi ba ne ga wanda ya yi shi, don kowa da masu saurarensa. Laifin namu ne da muka kwaikwayi siffar, har yau muke rubuta bayanin rigar Bahaushe da Turanci a garin da masu rigar suke zaune.

Dagi da 'yan uwansa

Idan ana son ganin abin da ke faruwa ga zane in an raba shi da tarihinsa, a dubi dagi. A asalin Hausa dagi ƙafar zaki ce ko ta damisa, kuma sunan wani ƙulli ne cikin ƙulle-ƙullen da maɗinka ke sa wa riga, magina su sa a fuskar soro, dukawa su sa a jikin fata. Irin wannan ƙulli ba mu kaɗai ke da shi ba, ana samun dangoginsa a sassaƙar Yarabawa da adon Arewacin Afirka. Da gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta riƙe shi a matsayin alama, sai ya sami sabon suna da sabuwar ma'ana, ya zama Dagin Arewa. Wannan kansa sake fasali ne, kuma ya yi nasara ƙwarai. Amma nasarar ta zo da hasara. Yau duk ɗalibin da aka ce ya nuna Arewa a takarda, dagi zai manna. Yana jikin kalanda, yana jikin katin biki, yana jikin buhun shinkafa da ƙofar otal. Ya cinye sauran zane-zanen kamar yadda gamba ke cinye gona, har yara suka ɗauka Bahaushe zane ɗaya gare shi.

To ina aska takwas da aska biyu, waɗanda ke sauka daga wuyan riga zuwa aljihu ta hagu? Ina tambari, wannan zagayayyen da ke zama a ƙirjin dama da kuma baya? Ina gidan biyar, wanda ke da dangantaka da hatimin da malamai ke zanawa? Kowane ɗaya yana da mazauninsa a jikin riga, kuma mazaunin wani ɓangare ne na ma'anarsa. In ka ciro tambari daga baya ka jera shi sau ashirin a jikin labule, ka sami ado, amma ka zubar da abin da ya sa mai kallo ke gane darajar mai rigar tun daga nesa.

Na taɓa halartar baje kolin ƙarshen shekara a wata kwaleji da ba sai na ambaci sunanta ba. Yaran sun yi ƙoƙari, hannunsu kuma da tsabta. Wani yaro ya tsara tambarin gidan abinci da wani zagayayyen zane mai ja da rawaya, wanda ya ce ya samo a hoton tsohon littafi. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane shi nan take, alamar da marubuta Alƙur'ani ke sawa a gefen shafi ce don nuna hizbi ko rubu'i ko sumuni. Yaron bai yi da nufin raini ba, bai sani ba ne, kuma babu wanda ya tambaye shi daga ina zanen ya fito kafin a ba shi maki. Wani dattijo da ke kusa da ni ya dubi abin ya kawar da kai, bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa hukunci ne, amma ba a rubuta shi a takardar sakamako ba.

A wannan ɗakin dai na ga fosta mai taken Zamfara, da fuskar mutum an yi mata tsage. Tsagen ba na Zamfarawa ba ne, kuma ba na kowa ba ne, layuka ne kawai aka ja inda suka yi wa mai zane kyau. Ga wanda ya tashi a nan, tsage rubutu ne. Na Bazamfare daban, na Bagobiri daban, na Bakabe daban, kuma tsakanin Zamfara da Gobir akwai tarihin da ya kai ga faɗuwar Birnin Zamfara a wajen shekarun 1760 da kafuwar Alƙalawa. Wasan da ke tsakanin waɗannan al'ummu har yau yana tafe da wannan tarihi. Wanda zai zana fuskar Bazamfare ya kamata ya sami tsoho ɗaya ya tambaye shi, ko wanzami.

Ina kayanmu suke?

Ana iya cewa yaran ba su da laifi tunda ba su da inda za su ga kayan yankinmu. Akwai gaskiya a ciki, domin Jihar Zamfara a 1996 aka ƙirƙiro ta daga Jihar Sakkwato, kuma takardun mulkin da suka shafi gundumomin Anka da Gummi da Bukkuyum sun riga sun tafi inda za su tafi. Fayilolin Lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Rubuce-rubucen hannu da wasiƙun Daular Usmaniyya suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wasu a Gidan Arewa na Kaduna. Amma Kaduna da Sakkwato ba bangon duniya ba ne. Ga mai tsara zane, waɗannan takardu cike suke da darasi, tun daga yadda magatakardan fada ke raba shafin wasiƙa da inda ake buga hatimi, har zuwa rasiɗin haraji da na jangali na zamanin En'e. Mu da muka yi aikin gwamnati mun san yadda takarda ɗaya mai layuka da hatimi ke iya sa magidanci ya sayar da akuya. Wannan ƙarfi ne na tsarin zane, kuma ya cancanci a nuna wa yara shi.

Akwai kuma abin da mutanen Anka da yawa ba su sani ba. A farkon shekarun 1950 wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger, ma'aikacin gidan adana kayan al'adun al'ummu na Berlin, ya zauna a Anka yana bincike. A 1959 ya buga littafin tarihin Zamfara da Jamusanci, ya kuma rubuta maƙaloli kan ginin tukwane a gundumar Anka, da narkar da tama, da wasannin yara maza, da fataucin goro. Wato sana'o'in ƙasarmu na shekaru saba'in da suka wuce an rubuta su dalla-dalla, cikin harshen da jikokin masu sana'ar ba sa ji. In akwai aikin da ya dace ɗalibin tsara zane ya haɗa kai da ɗalibin tarihi a kansa, to wannan ne: a fassara bayanin ginin tukwanen nan, a kai wa matan da ke ginin tukwane yanzu, a ji abin da ya saura da abin da ya ɓace, sa'annan a tsara allunan baje koli da ke nuna ukun a jere, wato abin da Krieger ya rubuta, da abin da maginiyar yau ta ce, da sabon abin da ɗalibin ya fitar. Mai kallo ya yi wa kansa alƙalanci.

Wani tulin kayan da aka yi watsi da su shi ne na ɗab'in Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'annan a shekarun 1950 hukumar NORLA ta riƙa buga littattafan Yaƙi da Jahilci da ƙananan jaridun larduna. Ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma, kamar yadda Kano ke da Sodangi, Katsina ke da Himma. Waɗanda suka tsara waɗannan takardu sun san mai karatunsu. Sun san jiya ya koyi baƙi, sun san da fitilar aci-bal-bal zai karanta, sun san sau da yawa mutum ɗaya zai karanta wa goma a dandali. Shi ya sa haruffan suke da girma, jimlolin gajeru, hoton kuma yana faɗin abin da rubutun ya faɗa. Ɗalibin yau yakan kalli irin wannan shafi ya ga tsohon yayi, ya ɗauki kalar takardar da ta yi ja don tsufa ya mayar da ita ado. Abin koyi a shafin shi ne ladabin da mai tsara shi ya yi wa mai karatu, kuma wannan ba ya fitowa a hoton da aka sauko da shi daga intanet.

Wa ake yi wa baje kolin?

Ƙaramar takardar bayanin da ake mannawa a gefen kowane aiki ita ce ke tona asirin wanda aka yi baje kolin dominsa. A duk waɗanda na gani, da Turanci take, kuma sunan ɗalibi ne kaɗai a jiki. A nawa ganin ya kamata ta ɗauki abu huɗu ko ba a ba da maki ba: sunan zanen a bakin masu shi, garin da aka samo shi, sunan wanda ya yi shi ko aƙalla sana'arsa da zamaninsa, da ma'ajiyar da ke riƙe da na asalin. Ba gaskiya ba ne cewa masu fasahar gargajiya ba su da suna. Sharu Bala Gabari na Kano sananne ne, kuma Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa an buga su sun shiga kasuwanni har wajen Nijeriya. A kowace unguwa an san wane ne gwanin zanen hula, wace ce gwanar saƙar faifai. Rashin tambaya ne ke mayar da su marasa suna.

Sai batun rubutun da za a yi bayanin da shi. A ƙauyukanmu akwai dubban mutane, maza da mata, waɗanda boko bai zauna musu ba amma suna karanta ajami ba gargada. Masu tsara zane a ƙasar nan sun daɗe suna yanke hukunci a kansu ba tare da saninsu ba. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya cire ajami daga takardun naira 5 da 10 da 20 da 50, a 2014 kuma aka fitar da sabuwar naira 100 babu shi. Ko me mutum ke gani game da dalilan da aka bayar, wannan shawara ce ta tsara zane, kuma ta taɓa aljihun mai sayar da dawa a kasuwar Gummi. A da ana iya fakewa da cewa injin ɗab'i ba shi da haruffan ajami irin namu, sai irin na Gabas waɗanda idon almajirinmu bai saba da su ba. Wannan uzuri ya ƙare. A 2017 ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar da haruffan kwamfuta masu suna Alkalami, waɗanda aka tsara bisa rubutun Kano mai kauri da ake gani a littattafan kasuwa, kuma kyauta ake samunsu. Wannan shi ne misalin da na fi so na sake wa tsohon zane fasali, domin an ɗauko hannun marubutanmu an mayar da shi abin aiki, ya koma wurin mutanen da ke karanta shi. Abin takaici shi ne daga waje aikin ya zo.

Kada a ɗauka wannan magana ta 'yan boko ce masu neman abin faɗa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cikinsu har da Sunke da Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma. Dalilin shi ne dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da dalma, ana kuma kawo shi cikin gida a daka a niƙa, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar MSF sun yi magani, an kwashe ƙasar gidaje an zuba sabuwa, amma saƙon da ya fi kowane muhimmanci gajere ne: a fitar da aikin dutse daga gida, kada a daka shi a turmin abinci, a wanke hannun yara. Isar da irin wannan saƙo ga uwar da ba ta yi boko ba, cikin hoto ɗaya da layi biyu, shi ne ainihin aikin mai tsara zane, kuma shi ne aikin da masu Yaƙi da Jahilci suka ƙware a kai shekaru sittin kafin wannan annoba. Darasin yana ajiye a Zariya da Kaduna, cikin takardun da ɗalibanmu ke ɗauka don kalarsu.

Da ni ne malamin ajin, aikin da zan ba su ke nan. Kowane ɗalibi a ba shi shafi ɗaya na Zaruma ko na littafin Yaƙi da Jahilci, da haruffan Alkalami, da wancan saƙo na dalma, a ce ya fitar da fosta da boko da ajami. Tsohon shafin a rataye shi kusa da sabon, da cikakken bayanin inda aka samo shi. Rashin tsaro ya sa kai ɗalibai ƙauyuka irin su Sunke ya yi wuya, amma mutanen ƙauyukan da yawa sun yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka, saboda haka ba sai an je nesa ba. A nemi izinin fada, a sami rumfa ko ajin firamare ranar kasuwa, a rataye ayyukan daidai tsayin idon mai tsaye da goyo. Malami ya koma gefe da takardarsa, ya bar matan su shigo, ya tambayi kowace abin da fostar ta ce mata, ya rubuta amsar yadda ta faɗe ta.